Kaska da Cututtukan Jinin Tumaki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Abin da Gwajin DNA Ya Tona

Duk mai kiwon tumaki ya san kaska, ya kuma san maɓoyarta: cikin kunne, ƙarƙashin wutsiya, tsakanin kofato, hantsa da maraina. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, jinin da take sha shi ne ƙaramar ɓarnarta. Babbar ɓarnar tana cikin yawun da take tofawa a jikin dabba yayin da take tsotso. Tambayoyin nan su ne waɗanda suka fi fitowa daga bakin makiyaya, masu turkar raguna, da ɗaliban likitancin dabbobi.

Waɗanne ƙwayoyin cuta ne kaska ke sa wa tumaki a jini?

Manyansu gida huɗu ne. Biyu daga ciki, *Babesia* da *Theileria*, dangin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ne. Kamar yadda sauro ke kai maleriya daga mutum zuwa mutum, haka kaska ke kai waɗannan daga dabba zuwa dabba. Sauran biyun, *Anaplasma* da *Ehrlichia*, bakteriya ne, amma irin waɗanda ba sa iya rayuwa sai a cikin ƙwayoyin jikin dabba.

Kowane gida da nasa ɗakuna. A gidan *Babesia*, tumaki na fama da *B. ovis*, *B. motasi* da *B. crassa*. A gidan *Theileria* akwai *T. ovis* da *T. separata* waɗanda galibi ba sa kwantar da dabba, akwai kuma *T. lestoquardi*, *T. luwenshuni* da *T. uilenbergi* waɗanda ke kisa. *Anaplasma ovis* tana zama a jajayen ƙwayoyin jini, *Anaplasma phagocytophilum* kuwa a farare. Ita *Ehrlichia ruminantium* jikin bangon jijiyoyin jini take kama wa, musamman na ƙwaƙwalwa, ita ce ke kawo ciwon da ke tara ruwa a jakar zuciya. A yankinmu na Afirka ta Yamma, wannan ta ƙarshen ce abar tsoro ga tumaki da awaki.

Kada sunayen su firgita mai karatu. Abin riƙewa shi ne, "ciwon kaska" ba ciwo ɗaya ba ne, kuma maganinsa ba ɗaya ba ne.

Tun yaushe aka san su?

A 1888 wani likitan ƙasar Romaniya, Victor Babes, ya ga ƙwayoyin a jinin shanun da ke fitsarin jini, bayan 'yan shekaru ya gan su a tumaki, shi ya sa aka raɗa musu sunansa. A 1893 Theobald Smith da Fred Kilborne suka tabbatar a Amurka cewa kaska ce ke yaɗa irin wannan ciwo tsakanin shanu. Wannan ne karon farko da aka tabbatar cewa ƙwaro mai cizo na iya ɗaukar cuta daga wannan jiki zuwa wancan, tun kafin a kama sauro da laifin maleriya. *Theileria* sunan Arnold Theiler ta ci, wanda ya kafa cibiyar binciken dabbobi ta Onderstepoort a Afirka ta Kudu. A can ne kuma Edmund Cowdry ya gano ƙwayar ciwon ruwan zuciya a 1925. *Anaplasma ovis* kuwa a Aljeriya Lestoquard ya bayyana ta a 1924.

Da me zan gane tunkiyata ta kamu?

Zazzaɓi ne kan fara. Zafin jikin tunkiya mai lafiya bai cika nisa da digiri 39 ba. In ma'auni ya nuna 41 ko sama, akwai magana. Sai ta daina cin abinci, ta daina tuƙa, ta ware daga garke kai a sunkuye.

Daga nan kowace cuta da salonta. *Babesia* tana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, sai ka ga cikin fatar ido ya yi fari, daga baya ya koma ɗorawa irin na shawara, fitsari ya yi ja ko ya yi duhu kamar shayin da ba madara. *Anaplasma ovis* ma tana ƙarar da jini tana kawo shawara da rama, amma fitsari ba ya yin ja, domin saifa ce ke tsince ƙwayoyin da suka kamu, ba a cikin jijiya suke fashewa ba. *Theileria* mai kisa tana kumbura kaluluwa, musamman ta gaban kafaɗa, ga majina da numfashi da ƙyar. Ciwon ruwan zuciya kuwa a kai yake bayyana: dabba ta riƙa ɗaga ƙafa sama-sama in tana tafiya, tana zagaye wuri ɗaya, tana taunar baki ba komai a ciki, sai ta faɗi a gefe tana shure-shure, kumfa na fita ta hanci. Wani lokaci ma ba a ganin komai, da safe kawai a tarar da ita a mace.

Sai dai a kula. Farin ido ba na kaska kaɗai ba ne. Tsutsar ciki mai shan jini da ciwon hanta su ma suna kawo shi, kuma da damina su ne ma suka fi yawa. Sammore haka. Shi ya sa ido kaɗai ba ya yanke hukunci.

To ai akwai madubin likita. Bai wadatar ba ne?

Madubin likita ya yi wa wannan fanni hidima fiye da shekara ɗari, kuma har gobe shi ne abin farko da ya kamata a nema. Ana ɗiga jini a kan gilashi, a shimfiɗa shi siriri, a rina shi da rinin Giemsa, a duba. In dabba tana tsakiyar ciwo kuma ƙwayoyin sun yi yawa, ƙwararren ma'aikaci zai gan su cikin awa guda, da kuɗi kaɗan.

Gazawarsa uku ce. Ta farko, dabbar da ta warke takan ci gaba da ɗauke da ƙwayoyin 'yan kaɗan a jininta wata da watanni, wani lokaci har ƙarshen rayuwarta, kuma sun yi ƙarancin da ido ba zai ci karo da su ba. Ta biyu, *Anaplasma* ɗigo ne kawai mai duhu a gefen jar ƙwayar jini. Dattin rini ko wasu ɗigogi na jinin kansa suna iya yaudarar mai dubawa. Ta uku ita ce babba: kama da wane ba ta wane. *Theileria ovis* da ba ta cika cutarwa ba da *Theileria lestoquardi* da ke share garke, a ƙarƙashin madubi kusan siffarsu ɗaya. Ƙaramar *Babesia* ma ana rikita ta da *Theileria*. Ita kuwa *Ehrlichia ruminantium* ba a samun ta a shimfiɗar jinin dabba mai rai; a al'ada sai ta mutu a fasa kai a duba ɓargon ƙwaƙwalwa.

Mene ne gwajin DNA, kuma yaya ake yin sa?

Kowace halitta tana ɗauke da rubutun gadonta, wato DNA, a cikin ƙwayoyin jikinta. Rubutun haruffa huɗu kawai yake da su, A, T, G da C, amma yadda aka jera su ne ke bambanta tunkiya da kaska, ya bambanta wannan ƙwayar cuta da waccan. Jinin tunkiyar da ta kamu yana ɗauke da rubutu biyu a cakuɗe: nata mai ɗimbin yawa, da na baƙuwar da ta shiga, ɗan mitsitsi.

Ana ɗibar jini daga jijiyar wuya a zuba a kwalba mai murfi launin shunayya, wadda ke da sinadarin EDTA mai hana jini daskarewa. Inda ba sanyi, ana iya ɗiga shi a kan wata takarda ta musamman a bar shi ya bushe. A ɗakin gwaji sai a tace DNA daga jinin. Sannan a yi gwajin PCR, wanda jama'a suka ji sunansa lokacin korona. Kary Mullis ne ya ƙirƙiro dabarar a 1983, ta kuma kai shi ga kyautar Nobel a 1993. Aikinta kwafi ne: ana zuba wasu gajerun zaren DNA da aka ƙera don su manne da rubutun ƙwayar cutar da ake nema kaɗai, sai na'ura ta riƙa ɗumamawa tana hucewa, kowane zagaye adadin kwafin ya ninka. Ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama huɗu. A zagaye na 30 kwafi ɗaya ya haura biliyan. Abin da ya ɓuya wa ido sai ya yi yawan da ba zai ɓuya ba.

Mataki na gaba shi ne karanta jerin haruffan sashen da aka kwafa, yawanci da dabarar da Frederick Sanger ya fito da ita a 1977. Jerin da aka samu sai a kwatanta shi da na rumbun GenBank da ke Amurka, inda masu bincike daga ko'ina a duniya ke ajiye nasu, kowa kuma na iya dubawa kyauta ta intanet. Daga nan kwamfuta ta zana salsala, ta nuna wace ƙwaya ce 'yar'uwar wace.

Duk rubutun ake karantawa?

A'a, galibi wani sashe ake zaɓa. Ga *Babesia* da *Theileria* an fi amfani da sashen 18S, mai haruffa kusan 1,700, domin yawancinsa bai cika sauyawa ba amma akwai wurare a cikinsa da ke bambanta jinsi da jinsi. Ga bakteriya akwai takwaransa, 16S. Sai dai waɗannan kamar sunan gari ne: za su gaya maka mutum ɗan ina ne, ba za su gaya maka gidansu ba. *T. lestoquardi* ta tumaki da *T. annulata* ta shanu, alal misali, 18S ɗinsu haruffa ƙalilan ne suka raba. Don haka in ana son a shiga ciki sosai sai a koma ga sassan da ke saurin sauyawa: msp4 da msp1a ga *Anaplasma ovis*, pCS20 don gano *Ehrlichia ruminantium* da map1 don rarrabe ire-irenta.

Akwai kuma wata dabara da ake jera alamomin jinsi da dama a kan takarda ɗaya, a gwada jinin dabbobi kusan arba'in a lokaci guda. Ita ce ta fito da wani abu da madubi ya daɗe yana ɓoyewa: tunkiya ɗaya takan ɗauki jinsi biyu ko uku a tare.

Me ake nufi da bambancin iri a cikin jinsi ɗaya?

Balami, Uda da 'Yankasa duk tumaki ne, amma ba wanda zai saya ɗaya a kuɗin ɗaya. Haka ƙwayoyin nan suke. Jinsi ɗaya yana iya samun rassa da yawa, wani reshe ya fi wani zafi, wani ya fi son wata kaska, wani kuma garkuwar jikin dabba ba ta gane shi ko da ta taɓa haɗuwa da ɗan'uwansa.

Karatun DNA ya ma sauya sunaye. A arewa maso yammacin ƙasar Sin an daɗe ana asarar tumaki da awaki da wata *Theileria* da aka ɗauka *T. lestoquardi* ce. Da aka karanta rubutun sai aka ga jinsi biyu ne dabam, ba su ma kusa da ita, kuma kaskar da ke ɗaukar su ta gidan *Haemaphysalis* ce. A 2007 aka ba su sunayen *T. luwenshuni* da *T. uilenbergi*. Ƙwayar ciwon ruwan zuciya da tsofaffin littattafai ke kira *Cowdria ruminantium*, a 2001 aka mai da ta gidan *Ehrlichia* bayan salsalarta ta nuna can ne asalinta. Ɗalibin da ya ga sunayen biyu kada ya zaci cuta biyu ce.

Wannan ai zancen malaman jami'a ne. Ina ruwan mai tumaki goma da shi?

Ruwansa yana wurin rigakafi da magani, kuma a nan zan ɗan tsaya, domin nan ne nake ganin amfanin wannan ilimi ya fi fitowa fili.

Ɗauki ciwon ruwan zuciya. Shekaru da dama rigakafin da ake sayarwa shi ne na Onderstepoort, wanda jinin tunkiya ne mai ɗauke da ƙwayar cutar da ranta, reshen da ake kira Ball 3. Dole a ajiye shi a daskare, a yi allurarsa ta jijiya, a riƙa auna zafin dabba kullum, in zazzaɓi ya taso a ba ta magani. Ga wahala, ga kuma cewa ba ya kare dabba daga dukkan rassan cutar. An tattara rassa da yawa aka ba su sunayen inda aka samo su: Welgevonden a Afirka ta Kudu, Senegal, Kerr Seringe a Gambiya, Sankat da Pokoase a Ghana, Gardel a tsibirin Guadeloupe. Dabbar da ta tsira daga ɗaya, wani na iya kashe ta. Ƙwayar kuma tana musayar sassan rubutunta tsakanin rassa, sababbi su yi ta fitowa. A Burkina Faso, inda cibiyar binciken kiwo ta CIRDES take a Bobo-Dioulasso, an tarar da rassa da yawa suna yawo a ƙauyuka 'yan kaɗan. Da aka gwada rigakafi a kan tumaki a can, kariyar ta ƙaru sosai bayan an haɗa reshen yankin da reshen da aka kawo daga waje.

Ma'anar wannan a fili take. Rigakafin da aka haɗa ba tare da sanin rassan da ke Katsina, Maraɗi ko Adamawa ba, ba wanda zai iya ba mai kiwo tabbacin zai yi masa aiki. Kafin a yi mana rigakafin da ya dace da mu, sai an ɗebi jinin tumakinmu da kaskarmu an karanta.

Haka batun magani. A Tunisiya da Iran an samu *Theileria annulata* ta shanu da ta daina jin maganin buparvaquone, aka kuma bi sawun abin zuwa sauyin haruffa a wani sashe da ake kira cytochrome b. Tunda *T. lestoquardi* 'yar'uwarta ce ta kusa kuma magani ɗaya ake ba su, masu tumaki ma abin ya shafe su.

In gwaji ya nuna akwai ƙwayar cuta, dabbar ba ta da lafiya ke nan?

Ba lallai ba, kuma nan mutane da yawa ke kuskure, har da masu ilimi. PCR yana da kaifin da zai gano ƙwayar a jinin tunkiya mai ƙiba da ke cin abincinta lafiya lau. A ƙasashe da dama, in aka gwada garken da ba abin da ke damunsa, sai a tarar da kaso mai tsoka na ɗauke da *T. ovis* ko *A. ovis*. Waɗannan dabbobi sun kamu tun suna ƙanana, jikinsu ya saba, suna zaune da ƙwayar ba faɗa. Sai yunwar bazara, ciki, doguwar tafiya a mota, ko wata cuta ta raunana su, sannan *A. ovis* ta ɗago kai.

Don haka takardar gwaji ba ta maye gurbin likitan da ya taɓa dabbar. Dole a haɗa ta da zafin jiki, da launin ido, da ma'aunin yawan jini. Tunkiya na iya mutuwa da tsutsar ciki alhali gwaji ya nuna *T. ovis*, a ɗora wa kaska laifi, a bar mai laifin yana cin sauran.

Waɗanne ne suka fi yawa a arewacin Najeriya da kudancin Nijar?

Waɗanda gwajin DNA ke yawan cin karo da su a tumaki da awakin Afirka ta Yamma su ne *Anaplasma ovis*, *Theileria ovis* da *Ehrlichia ruminantium*. Mai ɗaukar ta ƙarshen ita ce *Amblyomma variegatum*, kaskar nan mai dogon baki wadda namijinta ke da zane mai launi a baya da ƙafafu masu zobe-zobe. Manyanta sun fi yawa a farkon damina, matasanta kuma bayan ɗaukewar ruwa zuwa cikin rani, kuma su ma matasan suna sa cuta. Ita ce kuma ke buɗe wa kirci ƙofa. Ta fi son inda ruwan sama ke da dama. In aka nausa arewa cikin Sahel sai ta ragu, kaskar gidan *Hyalomma* ta karɓe fage. Shi ya sa ragon da ya tashi a busasshen wuri bai taɓa haɗuwa da ita ba, in aka kai shi kudancin Kaduna, Filato ko Neja, ya fi ɗan gida shiga haɗari.

Ga wani abu da nake ganin ya cancanci a sake dubawa. Rahotanni da yawa na madubi daga mayankanmu suna ambaton *Babesia ovis*. Amma kaskar da aka fi sani da ɗaukar ta, *Rhipicephalus bursa*, ta yankin Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya ce: Turkiyya, Iran, Sifen, arewacin Afirka. Duk sunan da aka ba ƙwaya ta hanyar siffa kaɗai, kamata ya yi a tabbatar da shi ta karatun DNA kafin a gina magana a kansa.

Me ya sa ake yawan ambaton Sudan a wannan fanni?

Saboda *T. lestoquardi* tana can, tare da kaskar da ke ɗaukar ta, *Hyalomma anatolicum*, musamman a arewaci da tsakiyar ƙasar. Tana kuma Iran, Iraƙi da Oman. Ƙwaya ce mai mugun salo: tana shiga farar ƙwayar jini ta tilasta mata rabuwa ba tsayawa, kusan irin yadda ciwon daji ke yi, har kaluluwa da saifa su kumbura, huhu ya cika da ruwa. In ta faɗa garken da bai san ta ba, ana iya rasa fiye da rabi. A Iran da Iraƙi an yi amfani da rigakafin da aka samu ta hanyar raunana ƙwayar a ɗakin gwaji. Hausawan Sudan da ke kiwo a Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu, wannan magana tasu ce kai tsaye. Mu na yamma kuma da ke sha'awar manyan ragunan da ake kira 'yan Sudan, ya kamata mu san cewa dabba ba ta tafiya ita kaɗai. Da kaskarta take zuwa.

Kasuwa na da hannu wajen yaɗuwarsu?

Ƙwarai. Kaska ba ta da fiffike, amma tana hawa tirela. Gab da Babbar Sallah raguna na kwararowa ta Maigatari, Mai'aduwa, Illela da Potiskum, su kwana a kara ɗaya da na wasu ƙasashe, su wuce Legas da Fatakwal. Kaskar da ta ƙoshi ta saki jiki ta faɗo a gidan mai saye, macen *Amblyomma* ɗaya kuma tana zuba ƙwai fiye da dubu goma.

Tarihi ya nuna iyakar tafiyar da take yi. Shanun da aka ɗauka daga Senegal a jirgin ruwa su suka kai *Amblyomma variegatum* tsibiran Karibiyan, har yau a Guadeloupe kaskar Senegal ake ce mata, kuma a 1980 aka tabbatar da ciwon ruwan zuciya a can. A zamaninmu, kaskar shanu *Rhipicephalus microplus* ta shigo Afirka ta Yamma da shanun Brazil, aka fara ba da rahotonta a Kwaddibuwa a 2007, yanzu ta kai Najeriya. Tana kama da kaskar gida ƙwarai, shi ya sa ake haɗawa da gwajin DNA wajen tabbatar da ita. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Sabon rago a ware shi mako biyu zuwa uku, a kashe kaskar jikinsa tun ranar da ya iso, a riƙa lura da shi kafin a haɗa shi da na gida.

Mutum na iya kamuwa? Naman layya fa?

Cin dafaffen nama ba ya sa wa mutum waɗannan ƙwayoyi. Cizon kaska ne hanyar. *Anaplasma phagocytophilum*, wadda aka fara sanin ciwonta a tumakin Sikotland a 1932, an tabbatar da ita a mutane a Amurka a 1994. A 2015 masu bincike a arewa maso gabashin Sin suka ba da rahoton sun gwada mutum 477 da kaska ta ciza, suka sami 28 ɗauke da wata *Anaplasma* da aka sani a awaki, aka sa mata suna *A. capra*. Ba don karatun DNA ba, da ba a san da ita ba.

Abin da ya fi waɗannan haɗari ga mahauta da masu fiɗa shi ne zazzaɓin Kirimiya-Kwango mai sa zubar jini. Bairos ne da kaskar *Hyalomma* ke ɗauka. Rago na iya ɗauke da shi na 'yan kwanaki ba alama, mutum ya kamu ta ɗanyen jini ko ta murje kaska da yatsa. Kada a fasa kaska da hannu, kada mai rauni a hannu ya yi fiɗa ba safa, kuma a nisanta yara daga jinin yanka. Ragon da aka yi wa allura kuma, a cika kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a yanka.

Wane magani ake bayarwa?

Ya danganta da mai laifin. *Babesia* tana jin diminazene, wanda aka fi sani da Berenil, da kuma imidocarb. *Anaplasma* da ciwon ruwan zuciya oxytetracycline ake ba su, amma ga na biyun sai an yi da wuri, tun ana zazzaɓi; in dabba ta riga ta faɗi tana shure-shure, da wuya allura ta tashe ta. *Theileria* mai kisa buparvaquone take buƙata, Berenil bai cika yi mata aiki ba.

Al'adar nan ta a sayo magani ja da rawaya a kasuwa a haɗa a tsira wa duk dabbar da ta yi laushi, tana ci mini rai. Ana kashe kuɗi, ana ƙiyasta nauyi da ido a ba da abin da bai kai ba ko ya wuce, ana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Allura ɗaya kuma da aka bi garke da ita tana iya kai *Anaplasma* daga jinin wannan zuwa na wancan ba tare da kaska ba. A nemi likitan dabbobi ko ma'aikacin asibitin dabbobi, a auna nauyi, a sauya allura.

In na kashe kaska ƙaf, ba shi ke nan ba?

A ragon turka da ke ɗaure a gida, ƙwarai, a kashe ta ƙaf: amitraz, cypermethrin, ko flumethrin da ake zubawa a gadon baya, a share wurin kwanansa, a toshe tsagar bango. Kaji ma suna taimakawa da tsince wadda ta faɗo.

Garken da ke fita kiwo kuwa hukuncinsa dabam. Ɗan tunkiya yana da wata kariya ta kwanakin farko na rayuwarsa. In kaska kaɗan ta cije shi a lokacin, yakan sami garkuwa ba tare da ya kwanta ba. Garken da aka yi wa wanka ba ƙaƙƙautawa har ya manta kaska, ranar da magani ya yanke ko ya daina aiki, manya da ƙanana za su zube. Abin nema shi ne a rage ta sosai a lokacin da ta fi yawa, wato farkon damina da bayan ɗaukewar ruwa. A sani kuma *Babesia* tana bin ƙwan kaska zuwa 'ya'yanta, don haka wurin kiwo na iya zama da cutar ko bayan an kwashe dabbobi. *Theileria* ba ta yin haka, sai 'yar kaska ta sha daga dabba mai ɗauke da ita.

In ina son a gwada, me zan kai, kuma ina?

A fara da asibitin dabbobi mafi kusa, su ne za su ɗebi jini su duba a madubi, su tura gaba in da buƙata. A Najeriya akwai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, da asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri. A Nijar akwai ɗakin gwajin dabbobi na LABOCEL a Yamai, a Kamaru kuma na LANAVET a Garwa.

A ɗebi jinin kafin a yi wa dabba allura, domin magani na rage ƙwayoyin har gwaji ya kasa ganin su. A sa kwalbar a sanyi, kada rana ta taɓa ta. Kaska a cire ta da ɗan matsi daga gindin baki ba tare da an fasa ta ba, a jefa a ƙaramar kwalba mai sifirit, kowace dabba da kwalbarta, a rubuta gari, rana, irin tunkiyar, da inda aka sayo ta in baƙuwa ce. In dabba ta mutu bayan ta yi zagaye da shure-shure, kada a jefar da kan: a kai shi da wuri cikin ƙanƙara, a kuma gaya wa likita ko an ga ruwa mai launin ɗorawa a jakar zuciya da ƙirji lokacin da aka buɗe ta.

Mai kiwon da ya ba masu bincike jinin dabbobinsa kuma yana da haƙƙin ya ji sakamako. Tun kafin a tsira allurar farko ya tambaye su yaushe za su dawo masa da shi, kuma ta hannun wa.